Kande mai fura da ludayin Nomau

Shekarar da Baba ya tafi cin rani kudu labarinsa ya yanke, tatsuniyoyin Kaka Tasalla suka canza. Da, in mun ci tuwo muka kewaye wutar kara a tsakar gidanmu na Cadakori, Gizo take kawo mana mu yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle. Wannan shekara kuwa ta ajiye Gizo. Ba wanda ya ce mana komai, amma mun ga Inna na kuka a bakin murhu tana cewa hayaƙi ne.

"Ku matso, ɗiyana," in ji Kaka. "Ga ta nan, amma wagga ba ta dariya ba ce."

Labarin Maraɗi ne na zamanin gyaɗa, unguwar 'yan dako, inda maza ke kwana a rumfuna kamar buhuna, ga kududdufi mai wari a bayansu. A nan wata bazawara mai baƙin baki, Kande, take sayar da fura. Al'adar wurin ita ce kowane ɗan dako ya soke ludayinsa a jinkar rumfarta, kuma mutum biyu ke haɗa ƙwarya ɗaya. Jadi da Nomau abokan ƙwarya ne. Duk wanda ya riga zuwa sai ya zaro ludayi biyu ya zauna jiran ɗan'uwansa, ko yunwa za ta kashe shi.

Wata safiya Jadi ya zo ya zaro nasa kaɗai, ya sha, ya tashi. Da rana aka tsamo gawa a kududdufi, ruwa ya ɓata fuskar. Jandarma ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce baƙo ne ya zame, a rufe shi.

Kaka takan tsaya a nan ta tura kara cikin wuta, don ta ja mana rai. Ni kuwa Baba nake hangowa kwance a bakin ruwan.

"Sai Kande ta tare Jadi, ta ce, 'Kai ɗan nan, wa ya hwaɗa maka Nomau ba shi zuwa yau?' Ashe hwaɗa sunka yi kan lodi, Jadi ya ture Nomau cikin ruwan."

Jadi ya gudu, ba a kama shi ba, ba wanda ma ya neme shi. Kande ta rufe sana'arta ta bi masu jakuna har Sae Sabuwa, garin su Nomau, tana tambaya gida gida, sai da ta sami uwar Nomau ta gaya mata, don tsohuwa ta daina zaman jira a ƙofa.

Na yi fushi ƙwarai. Na ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, mugu ya tsira. Kaka ta dungure mini kai.

"Ja'iri, kai kamu kake so. Uwar Nomau ta yi mishi addu'a da sunanai, ta amshi gaisuwa. Ƙurunƙus, ku tashi, wuta ta mutu."

Yanzu ina ɗinki a Gidan Rumji, gemu ya fara fari. Duk littafin da ya faɗo hannuna na binciken kisa a lungunan talakawan birnin da, ba na ajiye shi sai na ga ƙarshensa. Matata Hadiza takan ce, "Malam, talaucin da muke ciki bai ishe ka ba, sai ka karanto na mutanen da?" Sai in yi dariya, don ban san yadda zan yi mata bayani ba. Kama mai laifi bai cika damuna ba. Abin da nake bi shi ne in ga an mutu a wurin da ran mutum bai kai na akuya ba, sannan wani ya ƙi yin shiru har sai an san ko ɗan wane ne.

Baba bai dawo ba. Kaka ta rasu ba ta karɓi gaisuwar ɗanta ba, Inna kuma ba ta taɓa yin takaba ba, don babu wanda ya zo ya ce mata ta fara.