Inda Hannun Inna Ya Nema

Inna ta fara faɗuwa ne a shekara ta biyu da zuwanmu Gummi.

Mu mutanen ƙasar Bukkuyum ne, can bayan Nasarawa Burkullu. Ƙauyenmu ya tashi. Ba zan tsaya a kan wannan ba, wanda ya sani ya sani. Mun iso da iyalanmu, ni da yayana da Inna. Ni dama da ɗingishi na zo. Na yi shekaru ina haƙar zinari wajen Abare, rami ya rufta da mu huɗu, ni kaɗai aka jawo da rai.

Wani malami da muka sauka kusa da shi ya ba Inna aron ɗan fili a bayan gidansa, da 'yar rijiya a ciki. Filin bai fi ɗaki uku ba in an haɗa. Can gida lambun Inna sai ka yi kira da ƙarfi kafin na wancan gefen ya ji ka. Sai ta kwaso duk abin da take shukawa can ta cusa a nan. Albasa, tattasai, latas, alayyafo, yakuwa, har da ɗan karas. Fangali na manne da fangali. Ɗan tudun da ke raba su, wanda a kansa ake takawa, bai fi tafin ƙafa ɗaya ba. Na ce mata ta bar hanya mai faɗi. Ta ce ba a miya da hanya.

Jiri ne ke ɗibarta. A fili tana tafiyarta lafiya lau. Sai ta duƙa ta ɗago, ƙasa ta juya mata. An kai ta asibiti, an ba ta magani, an ce abin daga cikin kunne ne, ga kuma shekaru. Maganin ya rage, bai raba ta da shi ba. Aikin lambu kuwa duƙawa ne da ɗagowa tun safe har rana ta yi zafi.

Faɗuwar farko a kan albasa ta yi ta. Ta tashi tana ba albasar haƙuri. Ta biyu a bakin rijiya ce, kanta bai fi taku ɗaya da ramin ba. Wannan ce ta tayar wa yayana hankali.

Yayana ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta doguwar magana da shi. “Mutumin can” take ce masa, ko yana zaune a gabanta. Shi ma ba ya iya yi mata musu baki da baki. Duk abin da ke tsakaninsu ta kaina yake bi. Haka na tashi na tarar, haka muka tsufa.

Ya fara da kawo mata sanda. Sandar ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga shi ta cinye mata hannu ɗaya, ita kuwa biyu take bukata. Sai ya je ya samo ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake gani a asibiti, wanda mutum ke shiga tsakiya ya tura gaba. Abu mai kyau, har da roba a wajen riƙewa. Inna ta gwada shi sau ɗaya. Ƙafafunsa sun fi tudun faɗi, biyu a wannan fangali, biyu a wancan. Taku uku ta yi, ya huda mata latas shida. Ta ɗauke shi ta kai bakin danga, ta shuka gurji a gindinsa.

Da yayana ya ji, ya kira ni zaure.

“Ka hwaɗa mata,” ya ce, “in ta sake hwaɗuwa, in mayar ma Malam hilinshi. Ba ni tsamo uwata cikin rijiya ana kallona.”

Na san zai yi. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya riga ya binne da yawa.

Na same ta tana tsince irin tattasai a faifai, na faɗa mata. Ta ci gaba da tsintarta. Irin nan, shi kaɗai ta fito da shi daga gida, ƙulle a bakin zanenta. Ɗaki, rumbu, awaki, kabarin mahaifinmu, duk suna can. Na san in an karɓe filin nan, za ta zauna a tabarma ta jira ranarta, kuma ba za ta daɗe tana jira ba.

Na yi tunanin abin da na iya. A rami ni ne mai tokare bango da itace, har ana nemana don haka. Sai na ce, “Inna, zan kafa miki turaku cikin lambun, ki riƙa kamawa.”

Ta ɗago. “Turaku? Mi na yi maka? Jaka ka gani ko akuya?”

“To me zan kira su?”

“Kada ka kira su. Kahwa dai.”

Na samo busassun itatuwa masu kauri, na fere su, na kafa a jere, taku biyu-biyu, a miƙe kamar an ja igiya. Na tsaya na duba aikina, ya yi mini kyau. Inna ta zaga ta ce, “Danga ka yi.” Amma ta yi amfani da su. Wata uku ba ta faɗi ba. Sau da yawa dai nakan ga hannunta ya tashi ya kama iska, sannan ya lalubo itacen can gefe. Na gani, ban gane ba.

Abin da na manta shi ne rami dutse ne. Babu gara a ciki, kuma ba a ba shi ruwa safe da yamma. Da bazara ta shigo, wata safiya ina jan guga, na ji ƙas, sannan na ji tim. Itacen ya karye daga gindi. Cikinsa duk ƙasa ce, gara ta gama da shi ta bar ɓawo. Inna na kwance a kan tattasai, goshi ya fashe, wuyan hannu ya fara kumbura.

Na ɗaga ta, na wanke mata jinin. Na ce, “Mu ce ƙofar ɗaki ce ta buge ki.”

“Ka taɓa jin na yi ƙarya don tattasai?”

Na ci gaba da goge mata goshi.

“Tahi ka hwaɗa ma mutumin can. Ka ce itacen ƙanenshi ne ya hwaɗi, ni bin shi na yi. Ka ce shi ba ni damina guda.”

Na kai saƙo yadda aka ba ni, har da wajen da ya shafe ni. Yayana ya saurara har ƙarshe. Da damina dama ba a lambun, ina jin shi ya sa ya yarda. Ya ce, “Bayan damina in zo in gani da idona. In na ga tana tangaɗi, magana ta ƙare.”

Hannunta na nan a ɗaure, Inna ta aike ni wajen Malam, in roƙi rassan ararraɓin da ke tsohuwar dangarsa. Ararraɓi itace ne da ake sare reshensa a kafa, ya yi saiwa ya rayu. Ta ce masu kaurin damtsena, masu tsawon da in an binne kamu guda za su kawo mata ƙirji. Na saro, ta sa na jingine su a inuwa kwana biyar, bakin saran ya bushe. Na ɗauko igiya zan ja layi. Ta ce in mayar da igiyata.

“Ɗebo toka,” ta ce. “Ka tsaya bayana, ka riƙe mini ɗamara. Duk inda hannuna ya nema, nan za ka zuba.”

A lokacin an kwashe komai, fangali duk babu kowa. Ta shiga ta fara aikinta kamar shukar na nan. Ta duƙa ta cire ciyawar da babu, ta ɗago. Ta juya ta zuba ruwan da babu, ta ɗago. Duk ɗagowa sai ta rufe ido, ta bar jirin ya zo, hannun mai lafiya ya tashi da kansa ya tafi inda yake so. Ni kuma in duba ƙasan wurin in zuba toka. Da gangan take kiran abin da ke kayar da ita. Sau biyu ta yi amai. Na ce a bari sai gobe. Ta ce gobe ma za a yi. Kwana uku muka yi a haka.

Da muka gama, tabon toka goma sha ɗaya ne, kuma babu biyu da ke kan layi ɗaya. Biyu a bakin rijiya, kusa da kusa. Uku a kwanar da take juyawa. Wani dogon tudu babu ko ɗaya, don a nan ba ta duƙawa. Ɗaya kuwa ya faɗo tsakiyar fangalin albasa. Ta daɗe tana kallon wannan. Wurin albasa kusan goma zai ci.

“A matsa da shi gefe?” na ce.

“Hannun bai ce gefe ba.”

Na haƙa, na kafa, na daddale. Ruwa ya sauka. Tara suka tsiro, biyu suka ruɓe, muka sake. Kullum da safe sai ta bi su ɗaya-ɗaya ta tura da kafaɗa, ta ji ko sun kama ƙasa. 'Yan rakiya take ce musu. Da na ga sun yi ganye shar, sai na ce, “Inna, waɗannan za su yi wa albasa inuwa.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. “Shekara nawa kana yawo cikin daji? Ka taɓa ganin ararraɓi da ganye da rani?”

Ban taɓa lura ba. Ruwa na ɗaukewa suka zubar da ganyen, suka tsaya tsirara, daidai lokacin dashe.

Yayana ya zo wata safiya bayan mun gama ban ruwa, da rigarsa ta kasuwa da takalmin roba. Ya tsaya a bakin danga, kusa da ƙarfensa mai ƙafa huɗu. Gurji ya riga ya haye shi har ba a ganin robar. Ya kalle shi, ya kau da kai.

Inna ba ta dube shi ba. Ta ci gaba da aikinta. Na sha ganinta, amma ran nan na gan ta sosai. Hannu ɗaya na barin wannan itacen, ɗayan ya riga ya isa wancan. Ta duƙa da hannu biyu a ƙasa, ta ɗago, itace na nan a inda tafinta ya sauka, ba ta ko kallonsa. Ƙafarta ba ta taɓa ganye ɗaya ba. Tsohuwa ce mai ƙananan ƙafafu da faso, ƙwarya a hannu, tana ratsa wurin da ni mai ido biyu sai na yi a hankali.

A fangalin albasa jirin ya zo mata, mai ƙarfi. Na ga ta rufe ido, jikinta ya karkata. Ta rungume itacen nan na tsakiya, ta jingina goshi da shi. Ni na san za ta jira ne ya wuce. Yayana bai sani ba. Ya ce “Inna!” ya faɗa cikin lambun da gudu. Taku na huɗu takalminsa ya zame a kan jiƙaƙƙen tudu, ya tafi gaba ɗaya. Hannunsa ya kai wa iska cafka, ya samu ɗaya daga cikin itatuwan kwanar nan. Yayana ƙato ne. Itacen ya girgiza, bai motsa daga gindi ba. Ya tsaya a rataye, ƙafa ɗaya cikin latas har idon sawu.

Inna ta buɗe ido. Ba shi ta kalla ba, itacen ta kalla.

“Riƙe shi da kyau,” ta ce wa itacen. “Baƙo ne, bai san wurin ba.”

Sannan ta juyo gare ni. “Ka ce ma mutumin can shi hidda ƙahwarshi daga latas ɗina.”

Ya fitar. Bai yi dariya ba, ni ma na danne tawa. Ya kama itacen da hannu biyu ya jijjiga da ƙarfinsa. Ya bi na gaba ya jijjiga. Haka ya bi su duka goma sha ɗaya, rigarsa duk laka. Da ya kai bakin rijiya ya tsaya.

“Wanga wurin,” ya ce mini, “a ƙara guda. Kuma a yi ma rijiyar murhi.”

Na juya zan faɗa wa Inna. Ta ce, “Na ji.”

Washegari shi da kansa ya kawo katakon murfin. Maganar mayar da fili ba ta sake tashi ba.

Rani huɗu ta ƙara yi a lambun nan, ba ta sake kai ƙasa ba. A ɗakinta ta rasu, bayan ta cire albasa ta shanya. Malam ya ce in ci gaba da wurin.

Itatuwan suna nan, sun yi kauri. Kowanne yana da wuri ɗaya mai sulɓi, daidai ƙirjinta, inda ɓawon ya goge. Ƙafata ta ƙara lalacewa, yanzu ni ma sai na kama. Amma ba su zauna mini daidai ba. Na fi ta tsawo, kuma ni hagu nake karkata. Bazarar bara na ɗebo toka, na shiga fangali babu kowa, na rufe ido. Biyu na dasa. Nata ban taɓa ko ɗaya ba.