Cigiyar Muryar Baba

Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, in ban da na katin ɗan ƙasa, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da akuyar sata. Saƙon murya ma ba ya yi. In na tura masa daga Tanout, inda nake aure kuma nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai ya sa a kira ni, ya ce, "Na ji," ya kashe. Da ya rasu a farkon bazara, a ƙauyenmu da ke arewa da Belbeji, bai bar mana ko tarinsa a waya ba.

Ni rashin hoton ne ya dame ni. Inna kuwa hoto ba ya mata amfani, don yanar ido ta rufe mata gani tun kafin rasuwar. Tana cikin takaba na je na yi mata kwanaki. Wata safiya ina dama mata fura ta ce, "Ke." Haka take kirana, ni ce 'yar fari, sunana ba ya fita a bakinta. "Muryar babanku ta fara guje mini. Jiya na neme ta a kaina, ta ƙaninsa nake ji."

Ta faɗa ba kuka, ba komai. Kafin in yi tunani na ce mata, "Inna, akwai shi a waya. Na gan shi da idona, yana kira a bakin rijiya."

Ba ƙarya na yi ba. Watanni kafin ya kwanta ciwo, ina zaune a lakwal lokacin hutu, ina shafa waɗannan gajerun bidiyon da ba sa ƙarewa, sai ga rijiyarmu. Ga jan takarkarinmu yana jan igiya, ga Baba ya dafa itacen bakin rijiya ya ɗaga kai. Na yi dariya, na ce yau na kama tsohon da ke gudun hoto. Sai aka buga ƙararrawa, na jefa wayar a jaka. Da na fito daga aji na duba wayar, ya wuce, bidiyon wasu mata ne suna rawa a wurinsa.

Rijiyoyinmu suna da zurfi. Sa ke jan wasaki, wato babban gugan fata, kuma mai kora shi yakan yi nisa har ba ya ganin bakin rijiyar. In wasaki ya iso sama, wanda ke tsaye a baki zai kwarara kira don a tsayar da sa. Igiyoyi da yawa ke aiki lokaci guda, shi ya sa kowa da irin kiransa. Na Baba dogo ne, yana karyewa a ƙarshe. Har gida Inna ke jin sa, da shi take sanin shanu sun kusa gama sha.

"To ki kawo mini shi," in ji Inna.

Na koma Tanout na shiga nema. Na rubuta rijiya, na rubuta Belbeji, na rubuta da Hausa, na rubuta da Faransanci. Abin da nake samu manya ne sanye da tabarau suna yanka kirtanin buɗe sabon famfo. Wata abokiyar aikina ta nuna mini inda ake duba abin da mutum ya kalla a baya. Na yi ta ja har yatsana ya gaji, rabi duk kokawar da maigidana ke kallo ce in ya ari wayar, wai tasa ba caji. Jerin ya ƙare bai kai lokacin da nake nema ba. Ranar ko tuwonsa bai ci da daɗi ba, bawan Allah, ga shi ba laifinsa ba ne.

Duk kiran da na yi gida, bayan gaisuwa Inna za ta ce, "An samu?" In ce ana nan ana nema. Sai ta ce Allah ya sa, ta koma zancen kaji.

Baffana, ƙanin Baba, shi ya ce in yi cigiya. Makiyayan wajenmu suna da zaure a waya, inda suke cigiyar dabbar da ta ɓace, daga Belbeji har Gangara. Na yi saƙon murya, ya tura musu. Na ce ina neman bidiyon wani dattijo dogo, siriri, mai furfura, a bakin rijiya. Ta'aziyya ta yi ta shigowa, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Bidiyo kam shiru.

Baffa ya kira ni yana faɗa. "Ke 'yar lakwal, haka ake cigiya? Wace rijiya ce ba dogon tsoho a bakinta? Wa ke kallon mutum? Sa za ki faɗa."

Raina ya ɓaci, ubana ne fa. Amma na haɗiye na sake saƙon. Jan takarkari, ƙahon dama ya sunkuyo, kunnen hagu a tsage, shaidar wuta a cinya. Washegari kafin la'asar wani makiyayi daga wajen Gangara ya amsa. "Wannan san na san shi," in ji shi, "ya taɓa wucewa a wayata, na ajiye don kyansa." Ya turo.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Rijiyarmu ce, Baba ne, da shuɗiyar rigarsa ta aiki. Ya ɗaga kai ya buɗe baki, sai dai kiɗa ne ke tashi. Wanda ya ɗauka ya ɗora waƙar soyayya a kai, ko kukan sa ba a ji. Ni da zan iya rantsewa na ji kiran nan a ranar farko! Ashe kunnena ne ya cika mini. Na bi sunan da ke jikin bidiyon na rubuta wa mai shi, wani direban babbar mota, na roƙe shi na asalin. Ya yi mini gaisuwa da kirki, ya ce in ya ɗora yakan goge, wayarsa ba wuri. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ranar kasuwar Belbeji na shiga mota na tafi gida. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa mata, ban samu ba. Na zauna a gefen tabarmarta na kunna kawai. Ta kara wayar a kunne, ta saurara har ya zagayo.

"Wannan ai bikin wasu ne," ta ce.

"Sun rufe muryar da kiɗa, Inna. Amma yana ciki."

"A ina?"

Na kama yatsanta na ɗora a kan gilashin, daidai ƙirjinsa. Taɓawar ta tsayar da bidiyon. Kiɗan ya ɗauke, Baba ya tsaya cak, kansa a ɗage. Na miƙa hannu zan sake kunnawa, ta riƙe ni.

"Me yake yi yanzu?"

"Wasaki ya iso. Ya ɗaga kai."

"Ya buɗe baki?"

"Ya buɗe."

"To yi shiru," ta ce, ta juyo da kunnenta wajen wayar.