Muryar da Ta Bi Ƙasan Kabbara

Shekarun baya ne, muna zaune a unguwar Misfala a Makka tun ba a rushe layinmu ba, ɗana da ke aiki a Ingila ya aiko cewa ya samu matar aure. Baturiya, ita da uwarta duk sun musulunta. Na ce su zo umarar azumi in gan su da idona, don ni ba na aurar da ɗa ta waya.

A gidanmu suka sauka. Kwana goma ina bin uwar da kallo: alwalarta, zamanta, har hannun da take ɗaukar dabino. Ban kama ta da komai ba, abin har ya ɗan ɓata mini rai.

Safiyar Idi muna zaune a farfajiyar Harami, ladanai na kabbara, mata na bi a hankali. Sai na ji wata murya a gefena ta bar hanyar kowa. Kalmomin daidai suke, amma in jama'a suka hau sai ita ta sauka, ta bi ta ƙasa, ta tarye su a ƙarshe. Uwar yarinyar ce, idonta a rufe.

Muna isa gida na ja ɗana kicin. Na ce, "Waƙar coci ta kawo mana gaban Ka'aba. Halas, magana ta ƙare, babu aure."

Ya ce, "Umma, ki tambaye ta mana kafin ki yanke."

Na ce, "Da wane bakin? Kai ne mai Turanci, wuce gaba."

Da ya faɗa wa uwar, fuskarta ta yi ja, ta rufe baki da hannu. Wai ba ta ma san ta yi ba. Ta ɗauko wani tsohon littafi daga jakarta, duk ɗigo-ɗigo a kan layuka kamar ƙudaje a igiyar shanya. Wai waƙa ce a rubuce. Ni da ko sunana ban iya karantawa ba, ranar na ji har murya ana rubutawa.

Ɗana ya yi ta fassara. A yankinsu akwai taron mawaƙa duk shekara a babban coci, tun kafin a haifi kakar kakarta. Babu ganga, babu rawa, mutane ne jere kamar sahu, an raba su kashi-kashi. Kakarta ta tsaya a sahun, uwarta ta gaje ta, ita ma tun tana budurwa. Matan gidansu ba sa ɗaukar kan waƙa, su ne masu tallafe ta daga ƙasa. Shekarar da ta yi shahada ta bar wurin, yayarta ta daina yi mata magana. Littafin na uwarta ne, shi kaɗai ta fito da shi.

Sai ta ce ya gaya mini in laifi ne za ta kulle bakinta har ta mutu, kada dai a hukunta 'yarta.

A Makka aka haife ni, addini a gida na tarar da shi, ban taɓa barin ko cokali saboda shi ba. Ga wadda ta bar sahun iyayenta zaune a tabarmata, ni kuma ina ƙirga mata numfashi.

Na gyara murya na ce, "Gaya mata mace ba ta ɗaga murya, shi ke nan. Ta sha shayinta kafin ya huce." Bayan aikin Hajji aka ɗaura auren.

Har yau ina sa ido, ban daina ba, amma na koyi tambaya kafin in yanke. Bara da Idi jikata tana gefena ana kabbara, na ji muryarta ta zame ta bi ƙasa, ba wanda ya koya mata. Na ɗaga hannu zan ɗan taɓa cinyarta, sai na ɓige da gyara mata mayafi.