Karatun Mahaifina a Bakin Ɗan Kwangila

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya raba tafiya da zama tsakanin bayinSa yadda Ya ga dama.

A shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin iskar gas a Doha, teburina yana wani dogon bene a West Bay, ta taga kana hango teku. Ni ma'aikacin dindindin ne. Kamfani ya ba ni gida a unguwar Al Mirqab, ya ɗauko mini iyali, yara suna makaranta. Tikitin zuwa gida kuwa sau ɗaya ne a shekara, lokacin hutu. Ban taɓa ganin gazawar wannan ba sai da aka ajiye wani matashi a teburin da ke kusa da nawa.

Injiniya ne, ɗan Zariya kamar ni. Ba kamfaninmu ne ya ɗauke shi ba. Wani kamfanin dillancin ma'aikata ne na Turai ya turo shi a kan kwangila, su suke biyansa, mu kuma yana yi mana aiki. Ya yi mini bayani tun makon farko, muna cin abincin rana. Albashinsa a can Turai ake lissafa shi, haraji ya yanki rabonsa. Amma akwai kuɗin tafiya da suke ba shi daban, wanda haraji ba ya taɓawa, da sharaɗin lallai ya yi tafiyar zuwa inda iyalinsa suke. Idan bai hau jirgi ba, ba a ba shi.

"Kai Yaya, dole ake yi mini in je gida," in ji shi, yana dariya. "Kusan duk bayan wata biyu. Wallahi har bayana ciwo yake saboda zaman jirgi."

Na ce masa Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da cin shinkafata.

Da farko murna na yi, don na sami mai kai sallahu. Duk sanda zai tafi sai matata ta ɗaure masa dabino da turare da maganin ciwon ƙafa ya kai wa mahaifina. Mahaifina malamin zaure ne. A gabansa na iya rubutun ajami tun kafin in san boko, a gabansa kuma na fara wani littafin fiƙihu, irin wanda ɗalibi ke karanta layi da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma. Mun kai babin ciniki sai aiki ya ɗauke ni. Na ce masa in na zo hutu za mu ƙarasa. Hutu kuwa in ya zo, gaishe-gaishe da ta'aziyya da bikin dangi su cinye shi, sai dai mu zauna sau ɗaya ko biyu, mu maimaita abin da na manta. Na taɓa roƙonsa mu riƙa yi ta waya. Ya ce kunnensa ya yi nauyi, kuma shi bai iya koyar da wanda ba ya ganin fuskarsa ba.

Wata rana Injiniya ya dawo daga gida ya ajiye mini ƙullin kilishi a kan tebur, ya ce, "Malam yana gaishe ka. Na tarar ana karatu, na ji kunyar in ajiye kaya in juya, sai na zauna. Ashe haka mahaifinka yake? Na ce masa in na sake zuwa zan zo da littafi."

Na ce madalla. Na ɗauka magana ce ta fatar baki. Wannan yaro da ko alwala sai yana duba agogo.

Ashe da gaske yake. Duk zuwa sai ya kwashe safiyoyinsa a zaurenmu. Ya fara littafin nan nawa daga farko. Yana dawowa Doha yana ba ni labarin gidanmu kamar ni ne baƙo: an sake daɓen zaure, akuyar maƙwabta ta ci tabarmar Malam, Malam ya daina shan shayi da sukari. Har ya san wurin da hasken hantsi ke sauka a bango lokacin da ake tashi daga karatu. Wurin zamana ne a da, dama da buzun Malam. Ban tambaye shi a ina yake zama ba, don na san amsar.

Na fara jin haushin jakarsa. Wata ƙaramar jaka ce mai taya, yana zuwa da ita ofis ranar Alhamis idan zai wuce filin jirgi. Ƙarar tayarta a kan tayil sai in ji ta har cikin haƙorana. Idan ya ce, "Zan wuce, Yaya, akwai sallahu?" sai in ce babu, alhali matata ta ɗaure kaya tun da safe na bar su a mota.

Ita ce ta fara ganewa. Ta ce, "Baban yara, me wannan bawan Allah ya yi maka? Ko sunansa aka ambata sai ka haɗe rai."

Na ce mata ba komai, kawai ban ga adalci ba a ce mutum biyu suna aiki ɗaya, ɗaya ana biyansa ya je ya ga iyayensa, ko haraji ba a cire masa.

"To shi matarsa tana ina?" in ji ta. "Tana Zariya, tana renon yara ita kaɗai. Ko kana so ka mayar da mu ne a riƙa ba ka kuɗin jirgi?"

Gaskiyar magana, na riga na yi wannan tunanin. Na ma bincika yadda ake komawa ƙarƙashin irin wannan kamfani. Aka ce mini kwangila ce ta 'yan watanni, ana iya sabuntawa ana iya ƙi, kuma ba sa ɗaukar nauyin iyali. Na san duk wannan, amma bai rage mini komai ba. A sujada ina roƙon Allah Ya cire mini abin, ina sallamewa in ga Injiniya a sahu yana gyara hula, abin ya dawo sabo.

Ranar da ya gaya mini sun wuce babin ciniki, na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska.

Bayan wata tafiyar tasa, ya ce yana son magana da ni, ba a ofis ba. Muka haɗu a Corniche, wurin shan iska na bakin teku, ranar Juma'a bayan la'asar. Zafi ya ɗan sauka, jiragen katako na 'yan yawon shaƙatawa suna ɗaure a bakin ruwa. Ya zo da littafin a hannu, an yi masa bango da takardar kalanda. Yana ta juya shi, ya kasa kallona.

"Yaya, Malam ne ya ba ni sallahu, kuma wallahi nauyinsa nake ji. Ya ce ƙarfinsa yana raguwa, bai san ko zai kai hutunka ba, in ma ya kai, ya san yadda hutunka yake. Ya ce abin da duk na ɗauka a wurinsa daga babin ciniki, in zo in biya maka shi yadda ya faɗa mini. Ya ce kada ɗansa ya tsaya a rabin littafi."

Na mayar da idona kan ruwa. Na girme shi da shekaru masu yawa. Ni na nuna masa inda ake sayen garin tuwo a Doha. Yanzu mahaifina ya aiko shi ya zama malamina a littafin da na fara tun shi yana wasan ƙasa. Abin da zuciyata ta ce in faɗa shi ne ya bari, zan ƙarasa da kaina in na je. Amma na san ba zan ƙarasa ba. Shekara nawa ina faɗin haka.

Na ce, "Buɗe."

Muka zauna a kan ciyawa. Ya miƙo mini littafin, ya ce ni zan ja baƙi. A gefen shafi na ga rubutun Malam da ajami, hannun yana rawa, ya yi wa yaron bayanin wata kalma. Na karanta layin farko. Injiniya ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara fassara. Sai na ji ya ja ƙarshen kalma ya ɗan tsaya, ya ce, "ka ji ko?" daidai inda Malam yake tsayawa, da irin muryar. Bai san ya yi ba. Idona ya cika, na sunkuyar da kai kamar ina neman layi.

A layi na uku na yi kuskuren wasali. Ya dubi layin, ya dube ni, ya rasa yadda zai yi.

"Gyara mini mana," na ce. "Ba aiko ka aka yi ba?"

"To Yaya, fataha ce, ba kisira ba."

Haka muka ci gaba duk Juma'a, wani lokaci a Corniche, in zafi ya yi yawa a falona, matata tana kawo masa kunun gyaɗa tana kiransa Malam ƙarami don ta tsokane ni. In ya tafi gida ya ɗauko sabon karatu, in ya dawo ya sauke mini. Na daina cewa babu sallahu. Har tambayoyi nake ba shi ya kai, ya dawo da amsa.

Ban ce kishin ya tafi ba. Ranar Alhamis in na ji tayar jakar nan, har yanzu sai na ɗaga kai. Shi zai zauna dama da buzu, ya ji tarin Malam, ya miƙa masa buta. Ni zan jira Juma'a. Amma a bakinsa na kai ƙarshen littafin, Malam yana raye, kuma da aka gaya masa ya ce a kawo waya kusa da kunnensa, ya yi mini addu'a, duk da na san ba ya jin amin ɗin da nake ta faɗa.