Ranar da na bar wa Inna kamara

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa wani yaro, "Kira wancan." In na shigo gida, sai ta juya ga tukunyarta kamar tuwon ne ya yi sallama. Ban ji haushi ba, don haka ake yi a kowane gida na ƙauyenmu, can gefen Ibohaman. Kunyar ɗan fari ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, ita ta sha fitinata.

Fitinar kuwa ta samo asali ne ranar wata kasuwar Keita. Akwai rumfar zana inda wani mutum ke sa kaset a tele, manya na shiga suna kallo. Ni ta hudar zana na leƙa, har aka tashi ban san ƙafata ta yi sanyi ba. Na koma gida da ciwon da har yau bai sake ni ba. Na sami kwali na yanke masa taga, na manna farin ƙyalle, na yanka mutane da raƙuma na soke su a tsinke. Bayan magariba sai in sa fitila a baya, yaran unguwa su zauna a ƙasa, inuwa ta yi ta tafiya ina yi mata murya.

Kaka takan zauna bakin ƙofa tana yi mini tsiya. "Kai dai mijin banza na. Mazan mutane na kawo ma matansu hatsi, kai inuwa kaka kawo min." Amma kwali abu ne mai wuyar samu a ƙauye, kuma nawa ba ya daɗewa: ko gara ta ci, ko fitila ta lashe shi. Duk ranar da na zauna ina kumbure-kumbure, sai Kaka ta sa hannu ƙarƙashin gadonta ta jawo sabo. Ban taɓa tambayar inda take samu ba. Yaro ba ya tambayar irin wannan.

Daga lakwal, wato makarantar boko, na wuce Tawa, daga can na faɗa Madawa ina ɗaukar biki da suna da kamarar aro. Na ɗauki amaren da ba su ƙirguwa, na koyi tafiya da baya ba tare da na taka tiren shinkafa ba. A ƙauye cewa ake na girma ban bar wasa ba. Babana ya faɗa a fili, ya gaji ya yi shiru. Inna ba ta ce komai ba, kuma shirunta ya fi damuna, don ban san ko na yarda ba ne ko na baƙin ciki. Daga baya na sami shiga horo a Yamai, na yi shekaru ina ɗaukar wa wasu kaya kafin a yarda in yi fim nawa na kaina. Kaka ta riga ta rasu a lokacin.

Ban sha wahalar zaɓen labari ba. Tudun da ke bayan ƙauyenmu a da fako ne, ƙasa mai tauri da ruwa ke wankewa ya wuce. Matan garinmu ne suka yi shekaru suna ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su a gangare don su tare ruwan, suna dasa itace. Yau akuya na ɓacewa a cikin itacen. Na koma gida da kamara da wani abokin aiki mai ɗaukar murya, muka bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta yi bayani mai daɗi, amma ƙarshen zancen ɗaya ne: "Tahi ga uwarka. Ita ka ba mu waƙa muna amsawa." Ni ban ma san Inna tana waƙa ba. Na gane in babu ita babu fim ɗin.

Autarmu ce ta lallashe ta ta fito. Muka shimfiɗa mata tabarma a inuwar wata bagaruwa a kan tudun. A Yamai an koya mana cewa mai tambaya ya zauna daf da kamara, wanda ake ɗauka ya dube shi ido cikin ido, a nan gaskiyar magana ke fitowa. Na yi hakan da mutane da yawa, ya yi aiki. Sai na zauna, na gyara murya, na ce, "Inna, ki dube ni nan."

Ta ja mayafi ta dubi tabarma. Na tambaye ta yadda aikin ya fara, ta ce, "Haka na." Na tambayi waƙar, ta ce ta manta. Abokin aikina ya cire abin kunnensa ya raɗa mini ko tsohuwar ba ta da lafiya ne. Na ce a raina shi ke nan, ita ma wasa take ganin ina yi.

Auta ce ta fashe da dariya. "Yaya, Yamai ta juye maka kai? Yaushe Inna tat taɓa dubinka, balle yau gaban baƙo? Tashi ka ba mu wuri."

Wanda bai yi sana'ar nan ba ba zai san zafin wannan magana ba. Ka bar kamararka tana aiki, kai ba ka nan! Amma na daidaita hoton, na maƙala wa Inna mikro ta hannun Auta, na nuna mata jan maɓallin. Muka gangara kwari ni da abokina, muka zauna wurin masu ban ruwan albasa, ina ta cizon yatsa. Da muka hau, Inna ta tafi gida, Auta na zaune tana gadin kaya tana murmushin da ban gane ba.

Sai da na koma Yamai na buɗe hoton, da hantsi, ni kaɗai a ɗaki. Ga Inna tana magana da hannu bibbiyu, tana dariya, wata mace da ban taɓa saduwa da ita ba. Ta nuna tsakar kanta inda gammo ya cinye gashi. Ta rera waƙar, muryarta siririya amma ba ta rawa. Sai Auta ta tambaye ta wa ke riƙe mata ni in ta tafi aikin.

"Goye shika," in ji Inna. "Ɗiyan mutane na kwana, shi ko idonai biyu. In munka jeru da sahe, inuwarmu na tahiya bisa duwatsu, ita shika bi da kallo hal wuyanai shi karkace. Da yag girma yat tasam ma kwalaye, ban yi mamaki ba. Kwalayen man da aka ba mu wurin aiki, kowace mace so takai, na sa tuhwahi. Ni ka tsayawa hal in samu guda, in kai ma tsohuwa in ce ta ba shi."

"Mi ya hana ki ba shi da hannunki?"

"Ke, ba ki da kunya?"

Suka yi dariya su biyu. Can sai Inna ta nuna kamarar da haɓa, ta ce, "Wa za shi ganin abin ga?" Auta ta ce, "Shi za shi hwara gani, Inna, shi ɗai."

Inna ta gyara mayafinta, ta ɗago kai, ta dubi cikin gilashin sosai. Ina da furfura a gemu a lokacin, amma ranar na fara sanin yadda idon uwata yake in yana kallona. Ta ce, "To. Allah shi yi ma aikinka albarka." Na yi kuka kamar yaron da aka ƙwace wa kwali, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Fim ɗin ya fita. An nuna shi a Yamai, an nuna shi a ƙasashen da ban taɓa mafarkin zuwa ba, kuma tun daga nan aiki bai yanke mini ba. Waƙarta na ciki, gammon na ciki. Amma wancan kallon na cire shi, duk da ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai shi ba, kuma ba ma ni na ɗauka ba. Da an haska shi a dandalin ƙauyenmu, da Inna ba ta ƙara iya fita gidan suna ba.

Har yanzu in na je gida, ina sallama take juyawa ga tukunyarta. Sai in ji ta ce wa Auta, "Wancan ya zo? A kai mai hura, a sa nono da yawa."