Malam Badamasi, Wanda Ya Fidda Sifika Daga Akwati

Kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Badamasi ya riga ya buɗe shagonsa da ke bakin hanyar Durumi. Zai share, ya goge tabarau, ya jona ƙarfen dalma. Amma ba ya taɓa kayan kowa sai ya kunna wani tsohon kaset ɗinsa na kiɗan ganga, ya rufe ido ya saurara tukuna. Wai kunne ma yana son wanki da safe. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, tun zuwansa daga Zariya lokacin da Abuja take jar ƙasa da tifofi. Ya gyara rediyo, ya gyara rakoda, ya gyara lasifikar masallaci da ta coci, bai taɓa tambayar ta wa ce ba kafin ya sa hannu. Ƙarshen watan nan zai rufe shago ya koma gonarsa a Orozo, don ido ya daina ganin ƙananan wayoyi.

Zamanin nan ba a yabon mutum sai yana da ofis da sakatare. To, yau mai dalma za a yaba, kuma ba da kame-kame ba. Ga abin da unguwa guda ta gani da idonta.

Datti magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, da gidan kallon ƙwallo yake ci da su. Da harka ta buɗe masa, sai ya sayo manyan akwatunan sifika biyu masu fidda ƙasan sauti, wanda matasa ke kira bes, ya jingina su da bango. Bayan bangon nan kuwa ɗakin Hajiya Indo ne, dattijuwa mai hawan jini, da jeren kwanukanta na tun aure. Ana kunnawa sai kwanuka su kama kaɗawa, ƙirjinta ya kama bugawa. Ta yi haƙuri har ya ƙare, ta kai ƙara. Mai unguwa ya ba Datti kwana goma: ko dukan nan ya tsaya, ko a sa wa wurin kwaɗo. Idan kuma ya rage sauti, 'yan kallo su watse zuwa wani gidan.

Malam ya zo, ya dafa bango da tafin hannu, ya ce a kashe.

"Datti, ba ƙara ce ta yi yawa ba. Akwatin nan kowane ɓangare yake duka, har da inda ba a aike shi ba. Fidda sifikun daga ciki za mu yi."

"Baba, sifika ba akwati? Tsirara ke nan fa."

"Kai dai nemo mota, mu je kasuwar katako ta Dei-Dei."

Suka sayo katako mai kauri, faifai guda, tsayin mutum. Malam ya huda shi biyu, ya ɗaura sifikun, gaba a buɗe, baya a buɗe. Ya yi wa Datti bayani da hannuwa: iskar da sifika ta tura gaba da wadda ta ja ta baya, a gefen allon suke haɗuwa su kashe juna. Wanda ke gaba zai ji dukan har cikinsa, wanda ke gefe kuwa kusan shiru. Sai ya juya allon, ya sa gefensa ya kalli bangon Hajiya.

Saura abin da zai tuƙa su, wato amfilifaya, na'urar da ke ba sifika ƙarfi. Nan aikin yake, domin sifikar da ba ta da akwati ba ta da abin da zai tokare ta daga baya. Tana son ƙarfi, tana kuma son mai riƙe ta.

Datti ya kinkimo tasa yana haki, yana murmushi. A jikin kwalinta an rubuta wat dubu biyar, wai ƙarfinta ke nan.

"Baba, ɗaga ka ji. Sai da na ɗaga guda bakwai a kasuwa kafin na zaɓi wadda ta fi nauyi."

Haka muke yi, kowa ya sani: kayan wuta sai mu auna shi da hannu kamar doya. Malam bai ɗaga ba. Sukudireba ya ɗauko, ya kwance murfi, ya ce masa leƙa. A ciki, ɗan allon wuta ne da bai kai tafin hannu ba, a gefensa kuma curin siminti da aka manne da gam, aka shafa masa baƙin fenti.

"Ka yi sayayya, Datti. Wannan ajiye shi, in za ka yi gini ya rage maka bulo guda."

Angelina mai sayar da abinci a ƙofar gidan ta leƙo, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Oga Datti, kai ya saya dutse da waya a jiki!" Ita ce kuma ta je ta aro musu tsohuwar amfilifayar mawaƙan cocinsu, mai katuwar tiransifoma, wadda sai mutum biyu ke ɗauka. Malam ya kawo amfilifayar mota, mai aiki da batir, da wata 'yar ƙarama marar nauyi da ya jima yana gwadawa a shago.

Abin da ya sa nake jinjina wa mutumin nan shi ne inda ya zauna ranar gwaji. Bai zauna gaban sifika yana gyaɗa kai ba. Bayan azahar ya yi sallama gidan Hajiya Indo, ya nemi izini, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin kwanukan, waya a kunne, Datti na can yana kunna kaset ɗin ganga.

Aka fara da ta mota. Minti ashirin ta yi da kyau, sannan batir ya fara sanyi, ganga ta koma kamar ana dukan katifa. Wasan ƙwallo kuwa minti casa'in ne. Aka ajiye ta.

Aka jona ta coci. Kai, sautin nan ya yi daɗi! Ganga ta fito da kaurinta, mutanen titi suka fara leƙowa. Amma duk bugu sai janaretan Datti ya yi nishi, hoton talabijin ya tsuke. Ga shi ba ta da abin tace sauti, komai ta samu turawa take yi, har sifikun suka riƙa lilo suna buga ƙarshensu, ƙas, ƙas. Malam ya jiyo ta waya.

"Kashe, kashe, kar ta yaga mana takardar sifika. Doki ce mai kyau, amma ba linzami."

Sai 'yar ƙaramar. Datti ya ɗauke ta da yatsu uku, ya tsaya yana kallonta.

"Baba, wannan ko kaza ba za ta firgita ba."

"Ba kaza muka zo firgitawa ba. Maɓallin hagu, murɗa shi ya tsame muryoyin mutane, ya bar wa allon ganga kaɗai. Na dama, ɗaga shi kaɗan ya yanke can ƙasan da kunne ba ya ji, sifika kawai yake wahalarwa. To, ƙara. Ƙara dai. Kai ta ƙarshe."

Janareta bai ko yi tari ba. A gidan kallo, dukan gangar ya riƙa shiga ƙirji tsaf, bugu ɗaya ba ya hawa kan ɗaya, Angelina ta ajiye ludayi ta kama rawa. A ɗakin Hajiya kuwa Malam ya kafa wa kwanuka ido. Ko murfi ɗaya bai motsa ba.

Hajiya Indo tana kan gado tana jan carbi. Ta jira, ta jira, sannan ta gyara mayafi.

"Malam, ka ce wa yaron nan ya kunna mana, in ji. Ko har an rufe masa wurin ne? Ni fa ban ce a raba shi da abincin 'ya'yansa ba."

Malam ya miƙa mata wayar. Dattijuwa ta kara a kunne, ta ji gidan kallo na neman tsagewa da ganga da tafi. Ta dubi bango, ta dubi kwanukanta, ta ce, "Ikon Allah." Washegari ita da kanta ta aika wa mai unguwa cewa ta janye ƙararta.

Malam Badamasi, na Zazzau mai kunnen zinariya! Kai ne ka ƙi yarda da rubutun kwali sai da ka buɗe ciki. Kai ne ka san cewa sautin da ya faranta wa mutum ɗari, ya hana tsohuwa ɗaya sakat, bai gyaru ba tukuna. Kai ne ka bar kujerar gaba ka zauna a tabarmar maƙwabciya. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa wa gonar Orozo albarka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu tasowa, masu gyara da masu saye, ku daina ɗaga kaya kuna jin nauyi, ku nemi sukudireba. In kun haɗa abinku, ku zaga bayan bango ku ji yadda yake isa ga wanda bai biya kuɗin shiga ba. Datti yana nan, ƙofarsa a buɗe, allon yana tsaye. Curin simintin nan ma bai yar ba. Da shi yake tokare ƙofar gidan kallon, duk mai shiga sai ya tsallake wat dubu biyar.