Ƙurjin Hancina, Zanen Abokina

Shekarun baya, gab da a ba mu mulkin kai, mu biyu aka sani da zane a Dutsin-Ma, ni da abokina. Mun gama makaranta tare, muna zana wa mutane raƙumi da jirgin sama a bangon shago. In ka tambaye ni lokacin, na fi shi hannu nesa ba kusa ba. In ka tambaye ni yau ma, amsar ba ta sake ba.

Sai labari ya zo cewa wani likita a Katsina yana neman mai zane guda ɗaya, wanda zai riƙa zana cututtuka a manyan takardu ana nuna wa jama'a a kasuwanni. Guda ɗaya fa! Ranar gwaji saura mako, wani ƙurji ya fito mini a gefen hanci, ya yi jajir. Na ce ina, ba da wannan fuskar zan tsaya gaban likita ba. Mahaifiyata ta ce in bar shi ya nuna, na ƙi. Na sa wanzami ya yi mini sakiya da kibiya mai zafi, na dawo gida na ƙara matse shi da kaina.

Kwana uku fuska ta kumbura, ido ɗaya ya rufe. Daga nan sai zazzaɓi, sai wuya ya ƙage ya koma baya. Sanƙarau. Abin da ya biyo baya ban san shi ba.

Da na fara takawa da sanda, sai na ji abokina ne ya sami aikin. Kuma da zanen wa? Zanena! Ni ne kwance, wuya a sandare, ga ƙurjin, ga jan layi daga hanci zuwa kai. Wallahi ji na yi kamar ciwon ya dawo sabo. Wuyan nawa, azabar tawa, shi ko ya tafi Katsina da farar riga.

Wata rana a kasuwar Kurfi na tarar an kafe takardar zanen jikin bishiyar bedi, malamin tsafta na ta bayani kada a taɓa ƙurjin fuska. Wata tsohuwa ta ce, “Wayyo, Allah ya jiƙan wannan bawa.” Wani kuma ya ce, “Amma wanda ya zana gwani ne!” Addu'ar mutuwar ba ta dame ni ba, yabon ne ya ƙona mini rai. Ko man gyaɗar da aka aike ni saye ban saya ba.

Na iso gida ina huci, na ce wa mahaifiyata abokina ya ci amanata, ya mai da ciwona tsani. Ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube ni.

“Kai dai ba ka da ta ido. Ka san dalilin zanen? Malamin asibitinmu ba shi da allurar ciwonka. Yaron nan ya zana ka, ya ba direban motar Katsina ya kai wa likita. Da likita ya gani, shi ne ya taso da magani. Ranar gwajin ma yana nan yana ɗiga maka ruwa a baki. Lokacin nan ko ƙannen ubanka daga zaure suke gaishe mu, don tsoron ɗauka.”

Kada ku zaci hassadar ta tafi, kunya ce kawai ta hau kanta ta zauna. Da ya zo hutu na je gaishe shi, ya ce, “Ai da ƙalau kake, kai za a ɗauka.” Ni kuwa, maimakon in yi godiya, sai na ce, “Na sani.” Ya yi ta dariya har da hawaye.

Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Ni na ƙare a malamin makaranta, kuma har gobe in na tuna farar rigar nan sai hassadar ta motsa. Na daɗe ina gaya wa kaina da ni ne da na zana abin da ya fi nasa. Sai da na tsufa na yarda da gaskiyar da ta fi ɗaci: da shi ne ya kwanta da sanƙarau, ni ma daga zaure zan gaishe su.